Ɗaga Ƙarfe a Makaranta: Ina Haɗarin Yake?

Da zarar an ce yaro ɗan shekara goma sha biyu yana ɗaga ƙarfe, abin da ke zuwa bakin iyaye shi ne: zai tsumbure. Tsoron yana da tushe. A ƙarshen dogayen ƙasusuwan yaro akwai wani faifan guringuntsi wanda daga gare shi ne tsawo ke fitowa, kuma ba ya rikiɗewa ya zama ƙashi sai an kusa kammala balaga. Idan ya karye, ƙashin na iya girma a karkace.

Sai dai binciken likitoci bai nuna cewa atisayen ƙarfafa tsoka da aka tsara, aka kuma sa ido a kansa, yana hana tsawo ba. Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta amince da shi a 2008, ta sake tabbatar da haka a 2020, muddin yaro ya kai matakin bin umarni da daidaita tsayuwarsa, wato wajen shekara bakwai ko takwas. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a jagorarta ta 2020, ta so ’yan shekara 5 zuwa 17 su yi motsa jikin da ke ƙarfafa tsoka da ƙashi aƙalla kwana uku a mako.

A ganina, haɗarin yana cikin yawan aikin da aka ɗora wa yaro da kuma halin wanda ya ɗora masa. A watan Agustan 2010, ’yan wasan wata makarantar sakandare a McMinnville, jihar Oregon, sun yi atisaye mai tsanani a ɗaki mai zafi a farkon kakar wasa. An kwantar da da dama a asibiti, uku kuma sai da aka yi musu tiyata a dantse don rage kumburi. A Janairun 2023, a wata makaranta a jihar Texas, an sa ɗalibai dafa ƙasa suna ɗaga jiki suna saukewa sau ɗaruruwa a matsayin hukunci, su ma wasunsu suka ƙare a gadon asibiti. A duka biyun, nauyin jikinsu kaɗai ya isa ya yi ɓarnar.

Cutar da ta kama su likitoci na kiranta rabdomayolisis, wato rugujewar tsoka. Idan aka tilasta wa tsoka aikin da ba ta saba ba, ƙwayoyinta suna fashewa su zubar da wani sinadari mai suna mayoglobin a cikin jini, shi kuma yana iya toshe ƙoda. Alamominta su ne ciwon tsoka mai tsanani, kumburi, kasala, da fitsari mai duhu kamar baƙin shayi. Zafin rana da ƙishirwa suna ƙara haɗarin, haka ma gadon sikila na rukunin AS, wanda kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya ke ɗauke da shi.

Wannan ne ya sa batun ya shafe mu ko da makarantunmu ba su da ɗakunan ɗaga ƙarfe. Tsallen kwaɗo da sauran gwale-gwalen da ake sa ɗalibai a tsakar rana atisaye ne mai tsanani, ba tare da awo ba, ba ruwan sha, kuma wanda ya ce ya gaji sai a ƙara masa.

Saboda haka ina goyon bayan makaranta ta koyar da ƙarfafa jiki, bisa sharuɗɗa. A samu malami mai horo da zai iya lura da kowane yaro. A fara da nauyi mara yawa wanda yaro zai ɗaga sau 8 zuwa 15 cikin tsari mai kyau, sau biyu ko uku a mako, da ranar hutu a tsakani. A riƙa ƙarawa sannu a hankali, musamman bayan dogon hutu. A san rukunin jinin kowane ɗalibi. Sannan a haramta mayar da motsa jiki bulala.

Duk mahaifin da ɗansa ke irin wannan shiri, ya tambayi makarantar: idan yaro ya ce ya gaji, me malamin ke yi? Amsar za ta nuna masa ko ɗansa na hannu nagari.