Tawadar Asali Ko Ta Araha?

Yau maganarmu a kan tawadar na'urar buga takarda ce, watau firinta. Mutum ya je kanti sayen kurtun tawada, sai a ɗora masa guda biyu, na kamfanin da ya ƙera na'urar mai tsada, da na wani kamfani dabam mai araha. To, wanne zai ɗauka?

Malamanmu sun daɗe da warware irin wannan mas'ala. Tawadar allo da gawayi da ƙaro ake yin ta, domin gobe za a wanke. Amma in takarda za a rubuta wadda jikoki za su gada, sai a dafa bagaruwa da kashin maƙera.  Ashe daɗewar da ake so rubutu ya yi ita ke zaɓen tawada.

Haka abin yake a firinta. Akwai tawadar rini, wadda ke narkewa a ruwa, rana kuma ta kan sa ta koɗe. Akwai kuma mai garin launi, wadda ta fi jure ruwa da rana. Saboda haka takardar bashi, da ta cinikin gida ko gona, da ta rabon gado, a buga su da tawadar da aka tabbatar da ingancinta, ko da ta yi tsada. Ranar da aka je gaban alƙali aka tarar lamba ta shafe, ribar araha ta zama hasara. Amma jerin farashin kaya, ko darasin yara na mako guda, ɓarnar dukiya ce a sa musu mai tsada.

Kada fa a zaci tsadar nan duka ta kyau ce. Masu ƙera na'urorin su kan sayar da su da rahusa, sa'an nan su fanshe a tawada. A 2016 kamfanin HP ya sa waɗansu na'urorinsa suka ƙi karɓar kurtun da ba nasa ba, har jama'a suka yi ta kuka. A 2017 kuwa Kotun Ƙoli ta Amurka, a shari'ar kamfanin Lexmark, ta yanke cewa haƙƙin ƙira ba ya bin kurtu bayan an sayar da shi, don haka ba zai hana a sake cika shi a sayar ba.

Sai dai a rarrabe mai araha da jabu. Wanda ya sa sunansa a jikin kayansa ya yi gaskiya, kuma wanda ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Amma wanda ya zuba baƙin ruwa ya manna sunan babban kamfani, ya karɓi kuɗin na asali, wannan algushu ne tsantsa, bai kamata ɗan kasuwa mai mutunci ya ajiye shi a rumfarsa ba.

Shawararmu ita ce a jarraba kafin a amince. A buga shafi ɗaya, a bari ya bushe, a ɗiga masa ruwa, a kuma bar wani a rana kwana bakwai. Abin da ido ya gani ya fi rantsuwar mai kanti.