Wasiƙa a Buɗe Zuwa ga Masu Gyaran Kwamfuta da Waya na Mafara, Bakura da Maradun



Ƙannena injiniyoyi, ina gaishe ku da aiki, ina kuma yi muku fatan alheri a shagunanku da rumfunanku. Na rubuto ne a kan wani nauyi da ya hau kanku ba tare da kun neme shi ba. Tun da aka fara sayen hannun jari ta manhajar waya, wasu daga cikin mutanenmu sun mayar da ku masu ba da shawara a harkar. Malamin makaranta, ma'aikacin ƙaramar hukuma, ɗalibin kwalejin Abdu Gusau, manomin da ya sayar da shinkafarsa ta Bakolori, wajenku suke zuwa a saka musu manhaja, a buɗe musu asusu. Daga nan sai tambaya ta biyo baya: "Injiniya, wanne zan saya?" Da yake kuna kwana kuna tashi da HP da Dell da Lenovo da Apple, sun ɗauka kun san cikin kamfanonin kamar yadda kuka san cikin na'urorinsu. Ranar da farashi ya faɗi, lambobi suka yi ja a fuskar waya, ku za a fara nema.

Shawarata a gare ku guda ce. Kada ku ce wa kowa "sayar", kada kuma ku ce masa "ƙara saya", sai kun san abin da ya kayar da farashin. Wannan ɗabi'a kun riga kun mallake ta a sana'arku. Idan aka kawo muku kwamfutar da ta ƙi kunnawa, ba ku yanke mata hukunci daga bakin ƙofa. Kukan gwada caja, ku duba batir, ku sa mita, don wata igiyar wuta ce kawai ta tsinke, wata kuwa injin cikinta ne ya ƙone ƙurmus, alhali dukansu allonsu baƙi ne iri ɗaya. Faɗuwar farashi ma haka take. Ruwa ba ya tsami banza, amma dalilan sun sha bamban, kuma dalilin ne ke nuna abin yi.

Ku dubi Apple. A ƙarshen Satumba na shekarar 2000 kamfanin ya sanar cewa ribarsa ba za ta kai yadda aka zata ba, domin wasu kwamfutocinsa sun yi kwantai. Washegari, 29 ga wata, hannun jarinsa ya sauko daga sama da dala 53 zuwa ƙasa da dala 26, wato fiye da rabin darajarsa ta tafi a yini guda. Masu jari suka yi ta rige-rigen sayarwa. Amma kamfanin yana da kuɗi a ajiye, yana da ƙwararru, yana da sabbin kayan da yake shiryawa. Ya fito da iPod a 2001, iPhone a 2007, kuma a Agustan 2018 ya zama kamfanin Amurka na farko da darajarsa ta kai dala tiriliyan ɗaya. Waɗanda suka sayar don firgici a wancan yinin sun yi asarar da ba ta zama dole ba.

Wannan labarin ne masu zuga mutane suka fi so, suna cewa duk abin da ya faɗi zai tashi. Ku ba su labarin Gateway, kamfanin kwamfuta na Amurka da ya yi tashe a ƙarshen shekarun 1990. Farashinsa ya faɗi, masu jira suka jira, bai dawo ba, har kamfanin Acer ya saye shi a 2007 a kan dala 1 da santi 90 kowane hannun jari. Compaq, wanda wasunku suka koyi gyara a kan kwamfutocinsa, ya taɓa zama kan gaba a duniya wajen sayar da kwamfuta, amma HP ya haɗiye shi a 2002.

A gida ma muna da darasi. Omatek kamfanin haɗa kwamfuta ne na Najeriya da marigayiya Injiniya Florence Seriki ta kafa, kuma ya shiga kasuwar hannayen jari ta Legas a 2008. Shekarar ce kasuwar ta durƙushe: ma'auninta ya sauko daga sama da 66,000 a Maris na 2008 zuwa kusan 20,000 bayan shekara guda. Hannun jarin Omatek ya zauna a kan kwabo 50, mafi ƙarancin farashin da doka ta yarda a lokacin, kuma da aka sassauta dokar a 2018 ya gangara zuwa kwabo 20. Bashi ya yi wa kamfanin katutu, kayan waje masu araha sun cika kasuwa, wadda ta kafa shi ta rasu a 2017. Wanda ya riƙa ƙara saya don ya ga an yi araha ya ɗaure kuɗinsa shekaru, domin ko ya so sayarwa masu saye sun yi ƙaranci.

Akwai kuma faɗuwar da tushenta zaton mutane ne. A ranar 31 ga Mayun 2024 hannun jarin Dell ya sauka da kusan kashi 18 cikin ɗari, alhali cinikin kamfanin ƙaruwa ya yi. Kafin ranar, masu jari sun riga sun tura farashin sama ƙwarai saboda ɗokin manyan kwamfutocin ƙirƙirarriyar basira da yake sayarwa. Da rahoto ya fito, sai suka ga ribar da ke cikin cinikin ba ta kai burinsu ba. Farashin hannun jari yana ɗauke da abin da mutane ke tsammani gobe, shi ya sa labari mai kyau ma kan kayar da shi idan bai kai tsammanin ba.

Saboda haka idan mutum ya zo muku a rikice, ku zaunar da shi, ku buɗe rahoton kuɗin kamfanin tare, domin duk kamfanin da ke kasuwa wajibi ne ya wallafa shi. Ku duba ko ciniki na ƙaruwa ko raguwa a cikin 'yan shekaru, ko riba yake ci ko asara, nawa ake bin sa bashi kuma yana iya biya, sannan ko shi kaɗai ya faɗi ko duk kasuwar ce ta sauka. Idan kun karanta ba ku gane ba, ku ce ba ku gane ba. Faɗin haka ba ya rage muku daraja, kuma ya fi muku sauƙi a kan ɗaukar alhakin dukiyar wani.

Ku lura da iyakar abin da shago ke nuna muku. Gaskiya ne kun fi kowa sanin wace kwamfuta ke jure zafi da ƙurar Zamfara, wadda fankarta ke saurin mutuwa, da wadda kayan gyaranta ke wahalar samu ko a kasuwar Beirut ta Kano. Amma akasarin abin da ke ratsa hannunku kayan gwanjo ne, kuma kwamfutar da aka sayar karo na biyu ko na uku ba ta kai wa kamfanin ko sisi. Kuɗinsa yana fitowa ne daga sabbin kayan da jama'a da manyan ma'aikatu da gwamnatocin ƙasashe ke saya. Ganin kowa a Mafara yana neman HP ba hujja ba ce cewa hannun jarin HP zai tashi.

Abin da ya fi kassara mutane a durƙushewar kasuwarmu ta 2008 shi ne bashi. Bankuna sun ba da rance don sayen hannun jari, da farashi ya faɗi sai aka sayar da jarin mutane dole, aka bar su da ragowar bashi. Ɓarnar ta taɓa bankunan kansu, har Gwamnan Babban Banki na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar a Agustan 2009. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Wanda ya sa rarar kuɗinsa yana iya haƙuri har ƙura ta lafa. Wanda ya sa kuɗin taki, ko na noman rani, ko na makarantar yara, ko jarin rumfarsa ta kasuwar Talata, buƙata za ta tilasta masa sayarwa a mafi munin lokaci. Ku faɗa wa masu zuwa wajenku wannan tun kafin ku saka musu manhajar.

Yankinmu yana da nasa ƙarin haɗarin. Ba ku manta Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro, aka yi makonni ba kira ba intanet, aka kuma rufe kasuwannin mako. Mai saye da sayarwa kullum ta waya, a irin wannan yanayi hannunsa a ɗaure yake. Mai sayen jarin kamfanonin Amurka kuma yana fuskantar hawa da saukar dala ban da na jarin kansa. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 wasu sun ga kuɗinsu ya ninka, suka zaci ƙwarewarsu ce, alhali naira ce ta faɗi. Idan ta farfaɗo, lissafin juyawa yake yi.

Sai batun amana, wanda ya fi komai nauyi. Kada ku karɓi kuɗin kowa ku saya masa a asusunku, ko da mahaifinku ne ya ce ya yarda. Kowa ya buɗe da sunansa, ta hannun dillalin da hukumar SEC ta yi wa rajista, jarinsa na gida kuma ya shiga rumbun CSCS da sunansa, don ko ya rasu magada su same shi. Kada ku riƙe lambar sirrin kowa. Kada ku karɓi la'ada don jawo mutane cikin tsarin da ke alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda. MMM ya rufe da dukiyar jama'a a Disamban 2016, CBEX ya yi haka a Afrilun 2025, kuma a duka biyun waɗanda suka jawo 'yan'uwansu su ne suka kasa haɗa ido da su. Mai tambaya a kan halacci, ku tura shi wajen malaman da suka san fiƙihun ciniki, ku kuma sanar da shi cewa kasuwar Najeriya tana da jerin kamfanonin da aka tace bisa shari'a a ƙarƙashin ma'aunin Lotus, ga kuma Sukuk da Gwamnatin Tarayya ke fitarwa tun 2017.

Ƙannena, masu son wannan fanni a cikinku su neme shi da gaske, su koyi karanta lissafin kamfani kamar yadda suka zauna gaban maigida suka koyi gyara. Yankin nan yana buƙatar 'ya'yansa da suka san harkar, masu iya bayyana ta da Hausa ga dattijon da bai taɓa jin ta ba. Kafin ku kai can, ku tsaya inda iliminku ya tsaya, ku hana mai firgici gaggawa, ku hana mai kwaɗayi cin bashi. Allah ya sa albarka a sana'arku, ya tsare muku mutuncinku, ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara.

Wassalamu alaikum.

Yayanku mai ƙaunar ci gabanku,
daga Talata Mafara.