Mu ma za mu iya ƙera mazubi

Duk sa'ad da ɗayanmu ya ce bayan madarasa zai shiga lakkwal ta koyon sana'a ya karanci ƙera mazubi da kayan aiki, sai a ce wai ya sauke Alƙur'ani don ya koma maƙeri? To, ai Annabi Dawuda, alaihissalam, sulke yake ƙerawa, kuma an umarce shi da ya daidaita awo.

Awon nan shi ne sana'ar. Cokali da marfin kwalba, inji ne ke buga su a kan mazubin ƙarfe. Shi mazubin sai an sassaƙa shi da inji, a gasa shi ya yi jawur, a tsoma a mai don ya yi tauri, a sake ɗumama shi kaɗan kada ya tsage. In an kuskure ko da kaurin gashi ne, duk cokalin da ya fito da wannan aibin zai fito. A kasuwar Katako ta Yamai, masu zuba tukwane da ƙasa suke yin nasu, kowace tukunya sai an sake sabo. Na ƙarfe kuwa shekaru yake yi yana aiki.

Mu da muke raba gado da sudusi da sumuni, lissafin milimita ba zai ba mu tsoro ba. Abin da ke kayar da mu Faransanci ne da karanta zanen inji. Malamai, don Allah a ware mana awa biyu a mako domin su, tun daga bana.