FILIN ADON ƊAKI: Hajiya Za Ta Koma Ciki da Falo, Wane Launi Za Mu Zaɓar Mata?

   

Na san halinku sarai, da kun ga an rubuta adon ɗaki sai hankalinku ya tafi kan jeren amarya, gado na yayi, labule mai hawa biyu. To yau amarya ta yi haƙuri ta ɗan jira mu, ɗakin tsohuwa za mu shiga. Dalili kuwa wasiƙa ce da na samu daga wata ɗaliba 'yar aji biyar a Fagge. Kakanta ya rasu bara, kakarta ta fita takaba, an raba gado, an sayar da gidan da aka kai ta tana amarya, yanzu za ta koma ciki da falo a gidan babban ɗanta a Rijiyar Lemo. Baban yarinyar ya ɗora mata zaɓen fenti da labule, tunda ita ce mai idon zamani a gidan. Ita ranta ya kwanta da ruwan toka mai duhu da baƙin labule, irin wanda take gani a waya. Da ta tambayi Hajiya, sai Hajiya ta ce duk abin da aka yi daidai ne, ta juya kai ta ci gaba da jan carbinta.

Ƙanwata, kin yi hankali da kika tsaya kika tambaya, domin wannan "daidai ne" ɗin ba daidai ba ne.

ABIN DA KE KAI TSOHUWA ƘARAMIN ƊAKI

Irin wannan ya zama ruwan dare a Fagge da Sabon Gari. Fagge tun asali zangon fatake ce a bayan ganuwa, Sabon Gari kuma ta kafu ne bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, saboda haka unguwanni ne da kasuwa ta rene su. Yau ga Kantin Kwari, ga Wapa, ga Kasuwar Singa, ga Kasuwar Sabon Gari, kullum neman wurin shago da sito ake yi. Gidan gado in ya faɗo kusa da kasuwa, kuɗin da ɗan kasuwa zai taya ya fi ƙarfin magada su ce a'a. Ga shi kuma rabon matar mamaci, in akwai 'ya'ya, tumuni ne, wato kashi 1 cikin 8, in kuma su huɗu ne a gidan, tumunin nan ɗaya za su raba. Da wuya ya saya mata gida. Sai ki ga matar da ta yi shekara 40 tana da tsakar gida da rumfa da turaka da ɗakin baƙi, ta tattara ta koma ɗaki biyu.

Ku tsaya ku auna abin da ta rasa a cikin wata huɗu da kwana goma na takaba da abin da ya biyo baya: miji, gida, maƙwabtan da suke miƙa wa juna gishiri ta katanga. Falon nan da za a shirya mata, shi ne duk abin da ya rage na mulkinta. Nan za ta karɓi gaisuwar surukai, nan jikoki za su yi mata ɓarna, nan za ta yi sallah ta yi lazimi. In ta shiga ta ji kamar ɗakin wani aka ara mata, wallahi za ki ga tana ramewa ba ciwon komai.

Don haka aikin farko ba na kasuwa ba ne. Ki samo 'yan ƙyallaye uku ko huɗu masu launi daban-daban, ki durƙusa gabanta bayan la'asar, ki ce, "Hajiya, don Allah duba min, wanne ya fi kwanta miki a rai?" In ta ce ku yara ku kuka san zamani, sai ki bi ta hanyar wasan jika da kaka: "To kishiya, in kin bar min zaɓi, baƙi wuluk zan shafa miki." Za ki ga ta yi dariya ta miƙa hannu ta nuna. In kuma ta ƙi, buɗe akwatinta ki dubi atamfofin da ta fi ɗaurawa da mayafin da take zuwa unguwa da shi. Launin da mace ta yi shekara 30 tana saya, shi ne launinta.

IDON TSOHUWA BA IRIN NAKI BA NE

Ga wani ilimi da 'yan ajin kimiyya za su gane da wuri. Idan mutum ya manyanta, ƙwayar idonsa tana ƙanƙancewa, madubin cikin idon kuma yana yin rawaya-rawaya. Likitocin ido sun ce hasken da ke shiga idon mai shekara 60 bai wuce kashi 1 cikin 3 na wanda ke shiga idon mai shekara 20 ba. Kin ga ke nan falon da ke kike ganinsa da ɗan duhu mai daɗi, ita kamar magariba take ganinsa da rana tsaka. Haka kuma shuɗi da kore da ruwan toka sukan cakuɗe mata, amma ja da ruwan goro da ruwan ɗorawa tana rarrabe su da sauƙi.

Wannan ba maganar ado kaɗai ba ce. In bango ruwan toka ne, kujera ruwan toka, kafet ruwan toka, tsohuwa ba ta ganin inda kujera ta ƙare ƙasa ta fara. Nan take tuntuɓe, kuma karayar ƙugu ga mai shekaru, Allah Ya kiyaye, takan kwantar da mutum kwanciyar da ba ya tashi. Rigakafi ya fi magani. In kuma kin lura tana lalube ko tana cewa hazo-hazo take gani, ki gaya wa Baba a kai ta a duba ko yanar ido ce, aikinta ba ya daɗewa. Muna da asibitocin ido a Kano, ciki har da na ECWA da aka buɗe tun 1943.

KWANO GOMA: SHIDA, UKU, ƊAYA

Masu sana'ar ƙawata ɗaki suna da wani ma'auni mai sauƙi. Ki ɗauka launin falo kwano goma ne na hatsi. Kwano shida na bango ne, uku na labule da kujeru da shimfiɗar ƙasa, ɗaya kuma na ƙananan kaya irin su matasan kujera, agogo, da abin da aka jera a kabet. Launi uku ke nan, kada ki wuce, domin ƙaramin ɗaki in launi ya yi masa yawa sai ya zama kamar rumfar mai atamfa a Kwari.

Kwano shidan nan ki ba launi mai haske: ruwan madara, ruwan zuma mai haske sosai, ko ruwan ƙwai da aka surka da fari. Launi mai haske yana mayar da hasken taga cikin ɗaki, sai ɗakin ya buɗe, mai duhu kuwa shanye hasken yake yi, sai bango ya zama kamar ya matso. Silin kuma fari tas. Kakanninmu sun riga mu gane wannan, shi ya sa suke shafe ɗaki da farar ƙasa, su bar makuba mai duhu ga daɓe. Amma kada ki sa fari fat a bango. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu za ta mayar miki da shi wani iri, ruwan madara kuwa yana ɓoye ƙura.

Kwano uku ki ba launi mai nauyi wanda zai fito sosai a jikin bangon. Ga haɗi uku da ba sa ba da kunya:

Na ɗaya, bango ruwan madara, kujeru da labule ruwan hanta, ƙananan kaya ruwan gwal. Wannan ya dace da Hajiyar da ke son kwarjini.

Na biyu, bango ruwan ƙwai mai haske, labule kore shar irin na ganye, ƙananan kaya farare. Tsofaffi da yawa suna son kore, yana tuna musu Madina.

Na uku, ga wadda ta nace sai ruwan toka saboda shi ake yayi: ki ɗauki mai haske ƙwarai wanda ya ɗan karkata ga ruwan ƙasa, ki haɗa shi da kujeru ruwan makuba da matasai ruwan goro. Kin ga an yi zamani, Hajiya kuma tana ganin gabanta.

Ƙofa, bakin taga, da dokin ƙofa in akwai tudu, a yi musu launi mai duhu wanda ya bambanta da bango, don ko an ɗauke wuta ta gane hanya da 'yar fitilarta. Ƙasa kuma a guji tayil mai sheƙi da santsi, ga ruwan alwala ga tsufa. Leda ko kafet mai launi ɗaya ya fi mai zane-zane barkatai, kuma a manne bakinsa kada ya naɗe. Labule ki yi shi biyu, shara-shara fari na rana, mai kauri na dare da na zafin bazara, lokacin da Kano kan haura digiri 40. A rataye shi daga can kusa da silin, ɗaki zai ƙara tsawo a ido.

KADA KI TAƁA KWALLARTA

Nan ne 'yan mata suka fi yin ɓarna. Sai ki ji ana cewa, "Hajiya, wannan tarkacen ai ba zai shiga ba, a ba 'yan gwangwan." Subhanallahi! Kwallar nan da tasoshin nan da samirun nan, da su aka yi mata jere. Iyayenmu ba su da asusu a banki, jeren ɗaki shi ne dukiyarsu, shi suke sayarwa ranar buƙata, shi suke gadar wa 'ya'ya. Daga ƙorai aka koma tasa, daga tasa aka koma kwalla da samira, sannan tangaran ya zo. Wata rana naki ma jikarki za ta kira shi tsohon yayi.

Gaskiya ne ɗaki biyu ba zai ɗauki kayan ɗaki biyar ba. To a bar ta ta raba da hannunta, wannan na wance, wancan na wance, ta sa albarka. Sannan ta zaɓi saiti ɗaya ko biyu da ta fi so, a wanke su a jera a ƙaramin kabet a bango ɗaya. Ga dabara: furen da ke jikin kwallar, ja ne ko shuɗi, shi za ki ɗauka ya zama kwano ɗayan nan na ƙarshe, ki sayo matasan kujera irinsa. Da tsohuwar zuma ake magani. Kujeru kuma kada a cusa saiti guda, mai zaman mutum biyu ɗaya da mai zaman mutum ɗaya sun isa, masu ɗan tudu da hannu mai ƙarfi da za ta dafa ta miƙe. Sauran filin a bar wa darduma da tabarmar baƙi, tsarar Hajiya ai a ƙasa suka fi sakewa.

IN ZA A JE KASUWA

Fenti da kayan gini ana samunsu a Ƙofar Ruwa, yadin labule kuma Kwari ce gidansa. Falo mai ƙafa 12 tsawo, ƙafa 12 faɗi, in za a yi masa shafi biyu, galan biyu zuwa uku na lita 4 zai ci, gwargwadon kyan fentin. Ki nemi na ruwa wanda ake iya gogewa da tsumma, saboda hannun jikoki. Araha ba ta ado. Kafin a saya da yawa, a shafa kaɗan a bango, faɗin faranti, a bar shi ya bushe, ki duba shi da safe, da rana, da kuma dare a hasken ƙwan lantarki, don launi yana canzawa da haske. A kira Hajiya ita ma ta gani, gani ya kori ji.

Kada a yi fenti a tsakiyar damina bango na jiƙe, zai kumbura ya ɓare. Bayan ɗaukewar ruwa, wajen Oktoba, kafin ƙura ta kankama, shi ne lokacinsa. In sabon filasta ne a ba shi kamar mako huɗu ya bushe. In kuma tsohon fenti mai mai za a kankare, a fitar da yara da masu ciki, a jiƙa bangon kafin a kankare, a share garin tas, domin wasu fentocin mai suna ɗauke da dalma. Ita ce gubar da ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake can daga haƙar zinare ta fito. Bayan an gama a bar tagogi a buɗe kwana biyu ko uku kafin Hajiya ta tare, warin fenti ba ya yi wa ƙirjin tsofaffi daɗi. Ranar tarewa ki riga ta shiga ki turara mata irin turaren wutar da ta saba da shi a tsohon gida.

'Yan matana, duk wadda ta iya shirya wa kakarta ɗaki har tsohuwa ta shiga ta ce "Allah Ya yi miki albarka," to ɗakin aurenta ba zai gagare ta ba, kuma wannan addu'ar ta fi duk wani kayan da za a jera mata. A fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu, za mu duba yadda ake wanke labule da kafet a lokacin hunturu ba tare da sun koɗe ba. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku, a riƙa rubuta su da kyau yadda za su karantu.

Wassalam. Taku a kullum,
Antinku ta Filin Adon Ɗaki.