Daga Bakin Gada: Wa Ya Leƙa Makewayin Gwaggo?

Na yi muku alkawarin za mu tattauna a kan yaran da ke gudun aji ranar kasuwa, to amma ku gafarce ni, a makon jiya na je duba gwaggona na fito da nauyin zuciya, sai na ga ya kamata a jingine wancan zance tukuna. Yau maganarmu a kan wurin da ba a cika ambatonsa a bainar jama'a ba ne, wato makewayi, ko banɗaki, ko bayi, kowa da yadda yake kiransa.

Gwaggon nan tawa ƙanwar mahaifina ce, ta haura shekara 70, amma har farkon daminar da ta wuce da ƙafarta take zuwa kasuwar Malanville, inda take da ɗan teburinta na daddawa da kuka. Ɗanta, wato taubashina, yana fatauci tsakanin nan da Kwatano, kuma Allah Ya buɗa masa. Da ya tashi kyautata wa uwarsa, sai ya rushe tsohon makewayinta na zana, ya gina mata sabo na bulo da rufin kwano. Ya sa farin tayil mai sheƙi ƙasa da bango, ya kafa shawa a sama, ya sa ƙofar ƙarfe mai sakata, magini kuma ya ɗaga dokin ƙofa don kada ruwan damina ya shiga. Matan unguwa suka yi ta zuwa kallo suna sa masa albarka. Ni ma na je, na yaba, ban ga aibin komai ba.

Wata asuba cikin watan Agusta Gwaggo ta shiga wanka, ta sa sakata. Sabulu ya suɓuce mata, ta sunkuya za ta ɗauka, ƙafa ta zame. Ta kai hannu bango, bango ya fi ƙasa santsi. Ta faɗi a kan ƙugunta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ba ta yi ihu ba, saboda zanenta yana rataye inda hannu ba ya kaiwa, kuma samarin gidan ne ke kwana kusa. Tana nan kwance a kan jiƙaƙƙen tayil har aka sallame salla, sannan jikarta ta lura ba ta fito ba. Ƙofar ciki take buɗewa, ga sakata, ga Gwaggo kwance a bayanta. Sai da aka kira mai walda ya cire ƙofar ɗungurungum.

Aka fara kai ta wurin mai ɗori kamar yadda muka saba, aka yi kwanaki ba sauƙi, sannan aka tafi asibiti, hoto ya nuna ƙashin ƙugu ne ya karye. Daga nan sai Paraku, tafiyar fiye da kilomita 300 a mota, ga mutum da karaya. An yi aiki, alhamdu lillahi ta tashi, tana dogara sanda. Amma teburin daddawa ya tashi ke nan. Da na je gaishe ta sai ta ce mini, "Malam, tsohon makewayina na zana shekara nawa ina shiga bai taɓa kayar da ni ba." Taubashina yana zaune, kansa a sunkuye. A da, da na tsokane shi na ce garin gyaran gira ya rasa ido. A ranar bakina bai iya wasa ba, don na san laifin bai tsaya a kansa shi kaɗai ba. Dukkanmu muka kalli ɗakin nan da idon mai ƙarfi a jika, babu wanda ya kalle shi da gwiwar tsohuwa.

Kada wani ya ɗauka wannan tsautsayin gidanmu ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a shekarar 2021 cewa kimanin mutum 684,000 ke rasuwa duk shekara sakamakon faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali irin namu, kuma waɗanda suka wuce shekara 60 su ne suka fi yawa a cikinsu. Tun a 2007 hukumar ta ƙiyasta cewa a cikin masu shekara 65 zuwa sama, kusan mutum ɗaya cikin uku yana faɗuwa a kowace shekara. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ƙarfin cinya yana raguwa, yanar ido tana rage gani, ƙashi kuma yana yin gautsi, musamman ga mata bayan sun daina al'ada. Ga kuma jiri, wanda ke kama mutum idan ya miƙe daga tsugunno farat ɗaya, balle mai shan maganin hawan jini. To a makewayi ne duk waɗannan ke haɗuwa da ruwa da sabulu da duhu, kuma nan ne kaɗai wurin da tsoho ke shiga shi kaɗai ya rufe ƙofa.

Mu dai ba mu da al'adar kai iyaye gidan tsofaffi, kuma muna alfahari da haka. Madalla. Amma su Turawan da muke yi wa gori sun riga mu tunanin yadda tsoho zai zauna a gidansa lafiya. A Faransa, tun daga 2021 doka ta tilasta a riƙa yin wurin wanka marar tudu a bakinsa a yawancin sababbin gidajen da ake ginawa don haya ko sayarwa, kuma a Janairun 2024 gwamnatinsu ta fara ba da wani tallafi mai suna MaPrimeAdapt' don tsofaffi su gyara gidajensu. A Amurka, dokar kare haƙƙin naƙasassu ta 1990 ta haifar da ƙa'idojin gini da suka faɗi tsawon kujerar wanka da na ƙarfen riƙewa dalla-dalla. Mu a nan kada mu zauna jiran tallafi. Awon nasu dai kyauta ne, kuma magininmu da mai waldarmu za su iya aikin sarai idan an gaya musu.

Abu na farko shi ne ƙasa. Tayil mai sheƙi na bango ne, ba na taka ƙafa ba. Wanda ya nace sai tayil, to ya nemi mai kaushi, ya zuba masa ruwa da sabulu tun a shago ya murza da tafin hannu kafin ya biya. Wanda ya fi sauƙi kuma shi ne daɓen siminti da aka bi da tsintsiya tun yana ɗanye, don ya yi ƙaiƙayi. A karkatar da daɓen wajen magudana da kamar santimita 2 a kowace mita, don kada ruwa ya kwanta. Inda ruwa ya kwanta nan gansakuka ke fitowa, kuma a makewayin da ba rufi ita ce babbar mai kayar da mutane da damina. A riƙa goge ta duk mako da tsintsiya mai tauri da toka ko ruwan jabel, a ɗauraye sosai.

Na biyu, wurin zama. Kujera 'yar tsugunno da dutsen wanka na mai sauran ƙarfin gwiwa ne. Tsoho dakali yake bukata, na siminti, jingine da bango, mai tsawon santimita 43 zuwa 48 daga ƙasa, kamar yadda awon Amurka ya nuna. Wanda ba shi da abin awo ya auna daga tafin ƙafar mai wankan zuwa bayan gwiwarsa, tsawon ke nan. A yi wa bokiti nasa tudun a gefe, a yi wa sabulu da soso ɗan gurbi a bango daidai hannun wanda ke zaune, a kafa maratayin zane inda za a iya jawo shi ba tare da an miƙe ba. Da zanen Gwaggo yana kusa, da ta yi kira tun da wuri. Gidan da ke da famfo, shawa ta hannu mai tiyo ta fi ta sama amfani, domin ana wanka da ita a zaune.

Na uku, abin riƙewa. A sami bututun ƙarfe irin na famfo wanda ba ya saurin tsatsa, kaurinsa daidai damƙar hannu, mai walda ya lanƙwasa bakinsa biyu, magini ya binne su cikin bulo da siminti. Ɗaya a kwance kusa da dakali, kamar santimita 85 zuwa 90 daga ƙasa, ɗaya a tsaye a bakin ƙofa, wani kuma kusa da masai don tashi daga tsugunno. Ƙa'idar Amurka ta ce ƙarfen ya iya ɗaukar nauyin kilo 113. Mu gwajinmu mai sauƙi ne: idan siminti ya bushe, ƙaton gidan ya rataya a jiki. In ya motsa a sake. Ƙusa da igiya da kan famfo ba abin dogara ba ne, ranar da aka fi bukatarsu ranar suke cirewa.

Na huɗu, ƙofa. Ta riƙa buɗewa waje, faɗinta ya kai santimita 80 don mutum biyu su iya shiga, ko mai sanda. Sakata kuma a yi irin wadda za a iya zarewa daga waje idan ta ɓaci, ko a yi yarjejeniya a gida cewa in an ga zane a kan ƙofa akwai mutum ciki. Batun dokin ƙofa na san za a yi mini gardama, domin garinmu a kwarin kogi yake, tsakanin Kwara da Sota, kuma kowa ya san yadda ruwa ke kwanciya a tsakar gida a Agusta da Satumba. Gaskiya ne. Amma maimakon katangar da sai an ɗaga ƙafa an tsallake, a ɗaga daɓen makewayin gaba ɗaya, a yi masa gangare mai sauƙi mai kaushi daga waje, da ƙarfen riƙewa a gefe. A kuma duba murfin masai kafin damina, don ƙasa idan ta sha ruwa ramin yakan rufta, kuma bai kamata wurin wankan tsoho ya zauna a kan bakin rami ba.

Na biyar, haske da hanya. Tsofaffinmu sun fi shiga makewayi da dare da kuma kafin asuba don alwala. Tocila tana cinye hannu ɗaya, buta ta cinye ɗayan, to da me za a riƙe bango? Ƙaramar fitila mai aiki da hasken rana, wadda ke cike a kasuwa, a kafa ɗaya a ciki ɗaya a hanya. A kawar da turmi da igiyar shanya da turken akuya daga hanyar. Silifan da gindinsu ya cinye a jefar. Ɗaukar ruwa kuma aikin jikoki ne. Ina koya wa yara a aji cewa lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ke nan bokiti mai lita 15 kilo 15 ne a hannun tsohuwa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Da hunturu a surka ruwan tun a waje, mai lafiya ya taɓa da gwiwar hannu, domin mai ciwon sukari sau da yawa ƙafarsa ba ta jin zafi sai ta ƙone. Kada kuma a shiga da kaskon gawayi makewayi mai rufi da ƙofa, iskarsa tana sumar da mutum ba tare da ya ji wari ba.

Idan kuma ƙaddara ta faɗa, kada a yi gaggawar ciccibar tsoho a tsayar da shi. A fara rufe shi da zane, mace ta shiga wa mace, namiji ya shiga wa namiji. In ya kasa taka ƙafa, ko aka ga ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, to alamar karayar ƙugu ce, a ɗauke shi a kwance a kan abu mai tauri zuwa asibiti a ranar. Ban raina masu ɗori ba, amma karayar ƙugu galibi sai da aiki, kuma doguwar kwanciya ita ke jawo gyambon baya da ciwon huhu, waɗanda kan fi karayar kanta haɗari. Wanda ya bugu a kai shi ma a kai shi a duba, ko da ya ce lafiya lau yake.

Nasan abin da ke hana mu duk wannan kunya ce. Ɗa ba ya leƙa makewayin uwarsa, suruka ba ta tambayar surukinta yadda yake tashi daga tsugunno, tsoho kuma ko ya zame sau uku ba zai faɗa ba don kada a ce ya zama kaya. Kunya ado ce, amma akwai hanyar bi da ita. A aiki jika, ko 'yar'uwa, ko aminin tsohon, su tambaya cikin hira. A kuma yi shawara da mai wurin kafin a taɓa komai, don shi ya san inda hannunsa ke kaiwa. Da an tambayi Gwaggo, da ta ce dakali take so, ba tayil ba.

Tunda malamin makaranta ba ya sallamar aji sai da aikin gida, ga naku. A cikin makon nan kowane magidanci ya shiga makewayin tsohon gidansu da dare, buta a hannu ɗaya, ya tsuguna, sannan ya gwada miƙewa a kan ƙafa ɗaya. Duk inda hannunsa ya lalubi abin riƙewa bai samu ba, nan za a kafa ƙarfe. Buhun siminti da bututu biyu da fitila ba su kai kuɗin ragon Layya ba, balle kuɗin mota da asibiti da jinya a Paraku. Maginanmu kuma ina roƙonku, idan mai gida ya ce a sa mai sheƙi, ku tambaye shi wa zai yi wanka a ciki. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wanda duk Allah Ya ja kwanansa, dakalin da ya gina wa uwarsa yau shi zai zauna a kai gobe.

Taubashina ya riga ya fasa tayil ɗin ƙasa, an yi dakali, an juya ƙofa. Allah Ya ƙara wa Gwaggo sauƙi, Ya ba mu ikon kula da iyayenmu. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu, za mu koma kan yaran kasuwa. Wassalam.