A San Ƙwaro Kafin A Sayi Magani

Jama'a, makon jiya na zaga lambunan 'yan'uwanmu a bayan Agege, na tarar da wani dattijo ya yi tagumi gaban kuɓewarsa. Ganyen duk ya zama rariya. Ya ce sau uku yana fesa maganin tsutsa da ya saya wurin 'yan talla, cikin kwalba maras takarda. Da na girgiza ganye ɗaya sai ga ƙananan ƙwari suna tsalle kamar ƙuma. Tsutsa kuwa ko ɗaya babu.

To, ga yadda ake gane wannan ƙwaro. Girmansa bai wuce ƙwayar gero ba, bayansa da tauri, cinyoyinsa na baya da kauri, da su yake tsalle. Masana suna kiran danginsa Podagrica, iri biyu ne suka fi damun kuɓewa a ƙasar nan: ɗaya ja-ja ruwan ƙasa, ɗaya baƙi mai sheƙin shuɗi. Hudarsa ƙanana ce, zagayayyu. Tsutsa kan ci ganye da faɗi ta bar kashi, fara kuma ta kan gaigaye shi daga gefe.

A ƙasa yake ƙwai, 'ya'yansa su ci saiwa, su girma su hau ganye. Ban da kuɓewa yana cin rama da yakuwa da lalo. Mafi muni, yana yaɗa cutar da ke sa ganye dabbare-dabbaren rawaya, wadda feshi ba ya warkarwa, sai dai a tuge shukar.

Ra'ayina shi ne, feshin makanta asara biyu ce. Kuɗi sun tafi, dafi kuma ya bi lalon da Yarabawa ke kira ewedu har cikin tukunyar mai saye. Ranar da aka ce ganyen Bahaushe ya kwantar da wani, duk Zango za a zaga, don wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Saboda haka ina kira ga Sarkin Hausawan Agege da shugabannin masu lambu su gayyato malaman gona. Cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT tana Ibadan tun 1975, tambaya ba ta da tsada. Kafin nan, a nome ciyawa, a barbaɗa toka da sassafe, a jiƙa dakakkun 'ya'yan darbejiya a fesa. In ya zama dole a sayi magani, a sayi mai takarda, a kiyaye kwanakin jira kafin tsinka.

Allah ya ba mu albarkar ƙasa, amin.