Ku auna da zare kafin ku zargi iska

Yaran Yamai gwanaye ne wajen ƙera mota da jirgin sama da kara. Amma jirgi mai fukafukai hawa biyu, ɗaya bisa ɗaya, yana ba su wahala. Da an jefa shi sai ya karkata hagu, ya kife ƙasa. Mai shi ya ce laifin iska ne, ko kuwa ya liƙa laka a fiffiken dama wai don nauyi ya daidaita. A ganina wannan ba gyara ba ne. Laka nauyi take ƙarawa, karkatar kuwa tana nan.

Ido yana ruɗi, saboda haka ku nemo zare. Ku auna daga bakin fiffiken hagu zuwa wutsiya, ku ƙulla alama. Ku kai zaren nan ɓangaren dama. In bai faɗa daidai ba, fiffike ya goce. Haka za ku yi wa na sama da na ƙasa. Sannan ku duba sandunan da ke tsaye tsakaninsu, dole tsawonsu ya zama ɗaya. Zaren da aka ɗaure a gicciye tsakanin sanduna shi ke riƙe fukafukai. In ɗaya ya yi tauri, ɗaya ya saki, fiffike zai murɗe, murɗaɗɗen fiffike kuwa shi ya fi kayar da jirgi. Ku riƙe jirgin, hancinsa yana dubanku, za ku gane shi. Ku gyara abu ɗaya, ku jefa, kafin ku taɓa na biyu.

Wani zai ce wasa ne, ina ruwansa da lissafi? To, jirgin da Orville Wright ya tashi da shi a Amurka ran 17 ga Disamba 1903 irin wannan ne, na itace da yadi da waya. Shi da wansa Wilbur masu gyaran keke ne. Injinsu yana dama, ya kuma fi matuƙi nauyi, sai suka ƙara wa fiffiken dama santimita 10. Da awo suka yi, ba da ƙiyasi ba. Jirgin ya yi daƙiƙa 12 a sama, ya ci mita 37.

Da damina kara yana shan raɓa ya lanƙwashe. Jirgin da ya kwana waje, a sake auna shi da safe.